Ermete Vercellone da Agogo Mai Karkatacciyar Fuska

Da safiyar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, ina shara a ƙofar shagona na ga 'yarka Tilde ta sauko daga motar haya ita kaɗai, riƙe da hularka da sandarka. Na jingine tsintsiya, muka rungume juna a tsakiyar barandar titi, mutane suna ratsa mu. Sai daga baya ta iya buɗe baki ta ce zuciyarka ta tsaya da ƙarfe takwas da 'yan mintoci, a asibiti, kana tsakiyar yi wa wata nas ƙorafi a kan agogon bangon ɗakinku da ke latti da minti uku. Ermete Vercellone, mai gyaran agogo na layinmu a Torino, ka rasu kana da shekara saba'in da tara. Ubangiji ne ya ba mu kai, shi ne kuma ya karɓi abinsa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Delfina, mai shagon fata da ke manne da naka. Shekara hamsin da uku bango ɗaya ne ya raba mu, kai kana gyara cikin agogo, ni ina ɗinka masa maɗauri. Na binne mijina kana riƙe da hannuna, ka binne matarka ina riƙe da naka, kuma a tsakanin nan babu ranar da ba mu yi cacar baki ba, ko a kan kofi, ko a kan wanda ya bar kwali a ƙofar wani. Ranar jana'izarka Fada ya nemi in tashi in ce wani abu a coci, na girgiza masa kai, don na san kuka ba zai bar ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Kuma akwai labarin ranar Asabar da dole ka ji, tun da ka tafi ba ka jira ba.

Duk layin nan Maestro suke kiranka, wato gwani, ni kaɗai ce ban taɓa ba, don na san ka tun kana da gashi. Abin da kowa zai fara tunawa da kai shi ne tambayarka. Ba ka taɓa buɗe agogon mutum ba sai ka ajiye shi a kan koren ƙyallenka, ka cire ɗan gilashin da kake maƙalawa a ido, ka ce, "Mai agogon nan, wane aiki yake yi da hannunsa?" Masu sauri haushi suke ji. Wani lauya ya taɓa ce maka shi gyara ya kawo, ba neman aure ya zo ba. Ka miƙa masa agogonsa ka ce akwai wani shago a tashar jirgin ƙasa da ba sa tambaya, ya je can. Bayan kwana biyu ya dawo, ya ja kujera, ya amsa.

Na tuna wata gwauruwa da ta kawo agogon mijinta ya tsaya. Ka tambaye ta, ta ce a kamfanin motoci ya yi aiki shekara talatin, kuma kullum agogonsa gaba yake da minti bakwai, shi ya sa shi haka don kada a rufe ƙofar kamfani yana waje. Ka wanke, ka sa mai, ka saita shi gaba da minti bakwai cif, ka ba ta. Matar nan ta dubi agogon, ta dubi na bangonka, ta fashe da kuka, ta ce yau gidanta zai koma daidai. Wani kuma ya kawo na kakansa mai gasa burodi, yana so a goge masa duk karcen da ke jiki ya yi ƙyalli. Ka nuna masa wani zane a gefen zinariyar ka ce wannan bakin tanda ne ya yi shi, shekara arba'in yana gogarsa, in an share shi me ya rage na tsohon? Mutumin ya tafi da agogonsa yana tafiya, karcensa yana nan.

Sai kuma karatunka na jiragen sama, wanda na ji ya fi sau dubu ta cikin bango, har zan iya biya shi ina barci. Kakan ce a da namiji ba ya ɗaura agogo a hannu, wannan na mata ne, ɗan'uwan awarwaro. Namiji a aljihun falmaran yake sa nasa, da sarƙa. Sai aka fara tashi sama a farkon ƙarnin da ya wuce, cikin jiragen da ba su wuce katako da zane da waya ba. Mutum yana can sama, hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, ɗayan yana fama da inji, man da ke tankinsa na 'yan mintoci ne, dole ya san lokaci, in kuwa ya saki sanda ya laluba aljihu to ƙasa ce za ta karɓe shi. A Paris wani maƙerin zinariya ya ji kukan abokinsa matuƙi, ya yi masa agogo mai maɗaurin fata. "Daga nan," kakan ce kana ɗaga hantsaki sama, "maza suka daina jin kunya." Yanzu jikokin agogon nan suna kwance a akwatunan gilashi, da mai gadi a ƙofa, attajirai ne kaɗai ke iya tambayar kuɗinsu. Kai kuwa kakan ce duk tsadarsu kada a manta asalinsu, kayan aiki ne na mutumin da ke tsoron faɗowa. In kana neman wani abu a wurina sai ka ƙara da cewa rabin tarihin na masu ɗinkin fata ne.

Duk wannan daga bakin mutumin da bai taɓa shiga jirgin sama ba! Ko ƙwan fitilar shagonka ya mutu ni nake hawa tsani in canja maka, kana ƙasa kana riƙe da ƙafar tsanin kana ba ni umarni.

Mutane sun ɗauka tambayar nan taka hikima ce da aka haife ka da ita. Ni na san inda ka samo ta, don ina wurin, kuma da hannuna a ciki. Ka hana ni faɗa kana raye. Yanzu ba ka da bakin hana ni, kuma yanzu labarin ya daina zama abin kunya.

Watan Oktoba ne na 1972, wata huɗu da buɗe shagonka. Shekarunka ashirin da shida, ka gama koyon sana'a da yabo, kana tafiya kamar kai ka ƙirƙiro lokaci. Ni ina shagon babana, wanda ya zama nawa daga baya. Wani dattijo ya shigo wurinka, dogo, da sanda, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Kyaftin Fiorenzo Gribaudo ke nan, ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙa tashi daga filin bayan gari tun kafin yaƙin duniya na farko. Mu a lokacin tsoho kawai muka gani. Ya kwance agogon zinariya daga hannunsa, ya ce a wanke a sa mai, zai dawo bayan mako biyu.

Agogon ɗan Paris ne, na 1913, zagayayye, fuskarsa ta farin tangaran, da hannaye biyu shuɗɗa. Amma fuskar a karkace take. Sha biyu ba ta sama inda kowa ya san ta, ta zame dama ta zauna tsakanin gurbin ɗaya da na biyu, sauran lambobin duk sun bi ta. Maɗaurin kuma dogo ne har ba kyan gani, ya zagaye hannun tsohon ya yi saura, fatar ta yi baƙi ƙirin. Ka leƙo ta ƙofa ka ce, "Delfina, zo ki ga ɓarnar da wani jaki ya yi wa agogon kirki." Na zo na gani, na ce ai maɗaurin ma ya fi kama da linzami. Muka yi ta dariya.

A bayan fuskar agogo akwai 'yan ƙafafu biyu na tagulla, sirara kamar allura, su ne ke shiga ramukan injin su riƙe ta. Ka yanke su, ka juya fuskar ta miƙe, ka liƙa sababbi da dalma a kan harshen wuta. Kowa a sana'arku ya san tangaran ba ya shiri da zafi, yawanci fashewa yake yi. Naka bai fashe ba, sai wani ɗan tsagi kamar gashi da ya fito kusa da bakwai. Cike da alfahari ka zana E.V. 1972 a cikin murfin baya, yadda duk mai gyara yake barin alamarsa. Ni kuma na yanka masa sabon maɗauri daidai hannu, na fatar maraƙi mai laushi, na jefa tsohon a kwandon shara. Allah ya sani kyauta muka yi niyyar yi masa, mu biyun.

Ranar da ya dawo har da ni aka shigo, don in ji yabo. Ya ɗaura agogon, ya duba. Sai ya ja kujera ya zauna, ya kafa sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa, ya damƙe kanta da hannun hagu, ya sauke ido kan agogon. Muna kallo ya murɗa wuyan hannunsa, ya ƙara murɗawa, har sai da ya saki sandar ta faɗi ƙasa kafin ya iya karanta lokaci. Ƙarar faɗuwar sandar nan har yau tana kunnena.

"Samari, hannunka yana da kyau," in ji shi. "Amma da a sama nake, da yanzu ana tsince ni a gonar mutane. Ni na sa aka karkata ta. In hannu yana kan sanda, a haka ne sha biyu take tsayuwa daidai." Ya juyo gare ni. "'Yan mata, wancan maɗaurin a kan hannun rigar tashi ake ɗaura shi, a can sama sanyi ba ya barin mutum ya naɗe riga. Yana ina?" Na ce an kwashe shara tun ranar Litinin.

Da a nan ka ba da haƙuri, Ermete, da an wuce wurin. Amma ina, girman kai ya riga ya hau ka. Ka ce masa ai yanzu ya daina tashi, agogo miƙaƙƙe ya fi masa amfani. Tsohon ya dube ka na ɗan lokaci, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki sandarsa da kansa, ya fita. Kafin yamma kunya ta rufe ka. Kullum sai ka ce gobe za ka je gidansa ka karɓo agogon ka mayar, kullum sai ƙafarka ta ƙi. Mako uku bayan haka muka ga sanarwar rasuwarsa. Ka je ta'aziyya, ka roƙi ɗansa ya ba ka agogon, ya ce a'a, ya ma gode maka, wai a ƙarshe agogon ya zama irin na mutane. Shekara na zagayowa ya kwashe iyalinsa suka koma Ajantina. Ka rubuta wasiƙa sau biyu, babu amsa.

Ka tsinto ƙafafun nan biyu daga ƙurar teburinka, ka sa su a gwangwanin alewa, ka ajiye a aljihun tebur na sama. Tun daga ranar ba ka ƙara kai wuta kusa da tangaran ba, ba ka kuma ƙara buɗe agogo ba sai ka yi tambayarka. Wadda ta ɗanɗana kuɗar wannan ita ce Tilde, 'yarka tilo. A shagon ta tashi, ta je Suwizalan ta yi shekara goma sha biyu a wani babban gidan agogo, ta dawo bayan rasuwar mahaifiyarta ta zauna a teburin da ke gefen naka. Ta fi ka ido, ka sani, na sani. Amma duk tsohuwar fuskar tangaran da ta shigo sai ka ce a mayar wa mai ita, ba kwa taɓawa. Ita gani take ba ka yarda da hannunta ba ne. Sau nawa ta shigo wurina tana huci, tana cewa, "Goggo Delfina, tsohon nan har yanzu 'yar makaranta yake ganina." Na sha cije harshena, don na yi maka alkawari.

Sai Oktoban bara. Na kawo maka kofi ke nan wata mata ta shigo, 'yar kimanin shekara arba'in, da rigar fata, maganarta da karin mutanen Ajantina. Ta ce sunanta Nives Gribaudo. Tattaɓa-kunnen Kyaftin ce, ta dawo ƙasar kakanninta tana koyar da tuƙin ƙananan jirage a wani fili arewa da gari. Agogon ya zo hannunta bayan rasuwar babanta, a tsaye, ba ya motsi. Wani mai gyara ya buɗe murfin, ya ga E.V. 1972, ya ce mata duk Torino mutum ɗaya ne mai waɗannan haruffa, kuma yana nan da ransa.

Ta ajiye shi a kan koren ƙyallen. A karo na farko cikin shekara hamsin da biyu ba ka yi tambayarka ba. Ka dai dafa gefen tebur. Tilde ce ta yi tambayar a madadinka, don bakinta ya saba. Nives ta yi dariya ta ce, "Matuƙi ne, ni ma haka. Abin da ban gane ba, muna da hotonsa a gida agogon a karkace, mu dai mun ce mai hoton ne ya sha giya." Ka ja aljihun tebur, ka ɗauko gwangwanin, ka ba da labarin duka a tsaye, har da maganar ƙarshe da ka faɗa wa tsohon, wadda ni kaina na so ka tsallake. Sannan ka nuna ni da haɓa ka ce, "Waccan kuma ita ta zubar da maɗaurin." Na ce na gode, da ma na san ba za ka nutse kai kaɗai ba. Tilde ba ta yi dariya ba, kallonka kawai take, ranar ce ta gane abin da ya sa kake hana ta.

Nives ta ce, "Maestro, za a iya mayar da ita?" Ka gaya mata gaskiya. Tsagin nan yana nan, zafi na biyu zai iya raba fuskar gida biyu, kuma babu irinta a ko'ina da za a sauya. Ta juya agogon a hannunta, ta ce shi mai shi a jirgin katako da zane ya tashi, a gwada.

To amma hannunka fa? Shekara uku na dama yana rawa, kana ɓoye shi a aljihu, kana ganin ba mu lura ba. Duk lokacin sanyin nan ka yi shi kana gwaji a kan tsofaffin fuskokin da ka tara, da fitilarka ta da. Goma sha ɗaya ka gwada, goma sha ɗaya suka fashe, ina jin tsakinka ta bango. Tilde ta ce maka akwai na'urar da ta yi aiki da ita a Suwizalan, wadda ke liƙa ƙafa da tartsatsin lantarki a wuri ɗaya tak, ba tare da sauran fuskar ta ji zafi ba, kuma za ta iya aro ta. Ka ce kai ka ɓata da wuta, kai za ka gyara da wuta. A watan Janairu likita ya gaya maka halin da zuciyarka take ciki, ka ɓoye mana, Tilde ta tsinci takardar a aljihun kwat ɗinka. Daga nan tsoro ya kama ni sosai, kada ka fasa fuskar nan da taurin kai, ko ka tafi ka bar ta a miƙe.

Na shigo na rufe ƙofa na ce, "Ermete, sau ɗaya ka taɓa sanin komai fiye da kowa, mun ga inda ya kai mu. Za ka sake ne?" Kwana huɗu ba ka yi mini magana ba, kuma a tarihinmu ba ka taɓa kai biyu ba. A na biyar na ji ka ƙwanƙwasa bango sau uku, yadda muka saba kiran juna. Da na zo ba ka dube ni ba, ka tambaye ni tsawon maɗaurin da zai zagaye hannun rigar fata. Na ce tun wata guda nake ɗinka shi daga hoton da Nives ta kawo, ba kai kaɗai ke da abin gyarawa ba.

Ranar Alhamis, 6 ga Maris, kuka rufe shago da rana tsaka. Ni da Nives muna tsaye ta baya. Ka miƙa wa Tilde gwangwanin da hannu biyu, ka ce, "Ki yi yadda kika iya, ba yadda na koya miki ba. Ni gurbin kawai zan nuna miki." Ka nuna mata tabon tsofaffin ƙafafun da bakin hantsaki, yana rawa. Ta cire naka na 1972, ta ɗauko ƙafa ta farko daga gwangwanin ta ɗora a gurbinta, ta danna na'urar da ta aro. Ɗan tartsatsi ya yi tas, shi ke nan, ta kama. Ta biyun kuwa daidai bayan tsagin take. Tilde ta saita, ta tsaya, gumi ya feso mata a goshi, ta ɗago kai.

"Baba, in ta fashe fa?"

"In ta fashe, ni na fasa ta tun kafin a haife ki. Danna."

Ta danna. Ta juyo fuskar, ta sa gilashi a ido, ta daɗe tana duba. Sannan ta cire gilashin ta miƙa maka. Tsagin yana nan inda ka bar shi, bai ƙara ko kaɗan ba.

Kafin la'asar ta harhaɗa komai, agogon ya fara bugawa, sha biyu ta koma gefenta. Ka ba ta allurar zane ta rubuta T.V. 2025 a ƙarƙashin naka. Ta tambaye ka ko ta goge na saman, ka ce a bar shi, wanda zai buɗe nan gaba ya san an yi kuskure an kuma gyara. Na sa masa dogon maɗaurin, ruwan ƙasa, ɗinki biyu. Sai ka ce a ba ka kujera. Ka sa kwat ɗinka, Nives ta ɗaura maka agogon a kan hannun rigar, ka kafa sandarka a tsakanin gwiwoyinka, ka damƙe kanta da hannun hagu, ka sauke ido.

"Huɗu saura kwata, Kyaftin," ka ce. "Ka yi haƙuri, mun ɗan makara."

Sandar ba ta faɗi ba. Ni na ce na bar manne a buɗe, na ruga shagona, na yi kukana har na ƙoshi.

A ranar ne Nives ta ce Asabar ta sama, 15 ga wata, za ta ɗauke ka a jirgi ka ga agogon a inda aka yi shi domin ya yi aiki. Na jira in ji uzurin da za ka kawo, sai na ji ka ce to. Har kana tambayarta ko mutum zai iya shiga da hularsa. Ranar Lahadi aka kai ka asibiti, Talata ka tafi, Juma'a muka kwantar da kai kusa da matarka.

Ga labarin Asabar ɗin. Da hantsi Nives ta tsayar da mota a ƙofata, ita da Tilde, ta ce, "Signora, kujerarsa babu kowa." Na ce shekarata saba'in da bakwai ƙafata ba ta taɓa barin ƙasa fiye da tsanin shagonka ba, ban ga dalilin da zan fara yau ba. Tilde ta kifa mini hularka a ka ta ce, "Goggo, rabin laifin naki ne, sai ki je ki ga gyaran." 'Yarka ce dai, bakinku ɗaya.

Jirgin kujeru biyu ne kafaɗa da kafaɗa, bai fi bahon wanka girma ba, da farfela a hanci. Na rufe ido, na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Can na ji Nives tana ce mini in buɗe. Ga kogin Po a ƙasa, ga jajayen rufin gidaje, ga duwatsu fari fat da ƙanƙara. Da kyau, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ban daɗe a kansu ba. Hannunta na hagu na duba, a kan sanda, maɗaurina ya zagaye hannun rigar fatarta daidai, babu saura. Kuma sha biyu tana tsaye, Ermete, ƙyam, tana kallon idonta. Ba ta motsa wuyan hannu ba, ta ce mini goma da minti ashirin. Da muka zo saitin maƙabarta ta ɗan kwantar da fiffike, na cire tsoro na leƙa, na ƙwala maka kira da duk ƙarfina na ce ya yi. Ƙarar inji ta hana kowa ji, amma na san kai da ka saba ji ta cikin bango ba za ka rasa wannan ba.

Ranar Litinin Tilde ta buɗe shago a kan lokaci. Ƙafafunka na 1972 ta sa a gwangwanin, ta mayar aljihun tebur na sama. Wajen ƙarfe goma na ji wani ya shigo, na ji muryarta ta bango tana tambayarsa wane aiki mai agogon yake yi da hannunsa. Da na leƙa daga baya, tsohuwar fuskar tangaran ce a kan koren ƙyallen, kuma ba ta mayar wa mai ita ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tilde da mijinta da jikokinka biyu, ga ƙanwarka da ke Asti, da duk mutanen layinmu da kullum suke daidaita agogunansu da na tagarka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa albarka a hannun 'yarka, ya tsare Nives a duk tashi da sauka. Kai kuma, in Ubangiji ya haɗa ka da Kyaftin, don Allah wannan karon ka fara ba da haƙuri kafin ka fara bayani, kuma ka gaya masa Delfina ta ɗinka wani, na auna shi da idona a sama.

Allah ya jiƙanka, Ermete, ya gafarta maka kurakuranka, waɗanda ka samu ka gyara da waɗanda lokaci bai ba ka ba. Ya ba ka hutawa ta har abada, ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri. Amin.